Shiga jami'a da wuri a Amurka: yadda aka gina gajeriyar hanya, da inda take kaiwa



Duk mai ɗa ko 'ya da ke ƙoƙari a makaranta a cikinmu, ko a Agege yake zaune, ko Sabo ta Ibadan, ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa jin wannan shawara ba: a tura yaro Amurka ya soma karatun jami'a tun bai gama sakandare ba, ko ya fara a wata ƙaramar kwaleji mai sauƙin shiga, bayan shekara biyu ya yi tiransifa zuwa Harvard ko makamanciyarta. Masu kawo shawarar sukan faɗe ta kamar tsallaka titi. Hanyar tana nan da gaske, kuma ta fi shekara 120 da kafuwa. Sai dai mutane daban-daban ne suka gina ta, kowa da abin da ya sa a gaba, kuma ba duka rassanta ne ke kaiwa wuri ɗaya ba. Tun da kuɗin iyaye da shekarun yara ne a kan faifai, ya kamata mu san tarihinta. Waiwaye adon tafiya.

Yadda suke lissafin karatu

Kafin mu shiga tarihin, sai mun fahimci abu ɗaya. A Amurka ana auna karatun jami'a da kiredit. Wannan ba irin kiredit ɗinmu na WAEC ko NECO ba ne. Kowane kwas yana da nauyinsa, galibi 3 ko 4, gwargwadon awannin da ake zama a aji kowane mako. Wanda ya tara kimanin 60 yana iya karɓar ƙaramin digiri na shekara biyu. Wanda ya tara kimanin 120 shi ne mai digiri na farko. Tun da ƙirga shi ake yi kamar buhunan hatsi, sai tunani ya zo cewa ana iya tara shi a wannan rumbu a kwashe zuwa wancan. Wannan tunanin shi ne tushen duk abin da za mu tattauna. Matsalar ita ce, mai rumbu na biyu shi ke da ikon cewa buhu nawa zai karɓa.

Sakandarensu kuma tana ƙarewa ne a aji 12. Aji 11 da 12 su ne daidai da SS2 da SS3 a wurinmu.

Harper da kwalejin Joliet

Labarin ya soma ne da William Rainey Harper, shugaban farko na Jami'ar Shikago. Shi kansa ɗan sauri ne: ya shiga kwaleji yana da shekara 10, ya kammala yana da 14. Ra'ayinsa shi ne shekaru biyun farko na jami'a ci gaban sakandare ne kawai, ainihin aikin jami'a yana farawa daga shekara ta uku. Don haka ya raba karatun digiri a jami'arsa gida biyu, na ƙasa da na sama, ya kuma riƙa ƙarfafa manyan sakandare su ɗauki nauyin koyar da na ƙasan.

A 1901, shugaban sakandaren garin Joliet a jihar Illinois, J. Stanley Brown, wanda abokin Harper ne, ya buɗe irin wannan aji da ɗalibai 6. Daga nan aka sami Kwalejin Joliet, wadda ake ɗauka a matsayin kwalejin gwamnati ta shekara biyu mafi daɗewa da har yau take aiki a Amurka. Ɗan garin da iyayensa ba su da halin tura shi nesa zai yi shekara biyu a gida, yana cin tuwon gidansu, sannan ya wuce babbar jami'a ya ƙarasa.

Mu lura da wani abu tun daga nan. Harper yana son taimakon yaran ƙananan garuruwa, amma yana kuma son ya rage wa jami'arsa lodin sababbin ɗalibai don malamai su sami sukunin bincike. Wato kwalejin shekara biyu tsani ce, kuma rariya ce. Waɗannan fuskoki biyu suna tare da ita har gobe.

Zik ya bi wannan hanya

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ci moriyar kwashe karatu daga makaranta zuwa makaranta namu ne. Nnamdi Azikiwe, haifaffen Zungeru, ya isa Amurka a 1925. Ya fara ne a Kwalejin Storer, wata ƙaramar makarantar baƙaƙen fata a garin Harpers Ferry, inda ya yi share fage. Daga nan ya wuce Jami'ar Howard a birnin Washinton, ƙarancin kuɗi ya matsa masa, ya koma Jami'ar Lincoln a jihar Pennsylvania, inda ya karɓi digirinsa na farko a 1930. Sai bayan wannan ne ya shiga Jami'ar Pennsylvania, ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in ƙasar masu alfarma, ya yi digiri na biyu.

Tafiyar Zik ta nuna abu biyu. Canjin makaranta a tsakiyar karatu ba abin kunya ba ne a can. Sannan babbar jami'a mai suna ta zo masa ne a matakin digiri na biyu, bayan ya riga ya nuna kansa a wuraren da suka karɓe shi tun farko. Da ya kafa Jami'ar Nsukka a 1960, da taimakon Jami'ar Jihar Michigan, tsarin kwasa-kwasai irin na Amurka ya ɗauko, a lokacin da Ibadan ke bin sahun Landan.

Hutchins, yaƙi, da kuɗin Ford

A 1929 Jami'ar Shikago ta naɗa Robert Maynard Hutchins shugaba yana da shekara 30. Shi ya ɗauki ra'ayin Harper ya kai shi ƙarshe. A ganinsa shekaru biyun ƙarshe na sakandare ɓata lokaci ne ga yaro mai kaifin basira. A 1937 jami'ar ta buɗe tsarin da yaro zai shigo bayan aji 10 ya yi shekara huɗu, a 1942 kuma ta fara ba da cikakken digiri a ƙarshen waɗannan shekarun. Yaro ɗan shekara 19 ko 20 sai ga shi da digirin Shikago.

Abin bai ɗore ba. Sauran jami'o'i suka ƙi ɗaukar wannan digiri daidai da nasu, suna cewa shekara biyu ta yi ɓatan dabo. Wanda ya je neman karatun gaba a wani wuri sai a ce ya ƙaro kwasa-kwasai. Bayan Hutchins ya bar jami'ar a 1951, magajinsa Lawrence Kimpton ya warware tsarin cikin 'yan shekaru. Darasin farko ke nan a wannan tarihi: takarda ba ta da darajar da ta wuce wadda makarantar gaba ta yarda ta ba ta.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ma ya buɗe wata ƙofa. Samari sun tafi fagen daga, azuzuwa sun zama wayam, sai wasu kwalejoji suka fara karɓar 'yan sakandaren da suka ci jarrabawar shiga. Ta haka Martin Luther King ya shiga Kwalejin Morehouse a Atlanta a 1944 yana da shekara 15, ya fita da digiri a 1948 yana da 19.

Da yaƙin Koriya ya ɓarke a 1950 aka ci gaba da ɗibar samari aikin soja na dole, sai Gidauniyar Ford ta zuba kuɗi a wani gwaji. Daga 1951 zuwa 1954 ta ɗauki nauyin yara kimanin 1,350, mafi yawansu 'yan shekara 16 ko ƙasa da haka, suka shiga kwalejoji da jami'o'i 12 ba tare da sun gama sakandare ba. A cikinsu akwai Yale, Columbia, Shikago, Wisconsin da Oberlin, da kuma Fisk da Morehouse na baƙaƙen fata. Manufar ita ce yaro ya sami ko da shekara biyu ta jami'a kafin a kira shi soja. Rahoton da aka fitar a 1957 ya nuna cewa a fannin karatu yaran sun fi sauran 'yan ajinsu a jimlace, ko da yake wasunsu sun sha wuya wajen sabawa da zama cikin waɗanda suka girme su.

Duk da haka gwajin bai zama al'ada ba. Shugabannin sakandare ba su ji daɗin a riƙa kwashe musu zaƙaƙuran ɗalibai ba. Wata dabara ta daban, wadda ita ma kuɗin Ford ne ya raine ta, ita ta yi nasara: a bar yaro a makarantarsu, a kawo masa darasin jami'a har cikin aji, ya rubuta jarrabawa ta ƙasa baki ɗaya. Wannan shi ne shirin Advanced Placement, wanda aka fi sani da AP. Hukumar College Board ta karɓe shi a 1955, kuma a yau miliyoyin yara ne ke rubuta shi kowace shekara. Manyan jami'o'i sun fi son haka. Yaro zai zo musu a shirye, da shekarunsa cikakku, kuma zai yi shekara huɗunsa a wurinsu.

Kalifoniya ta mayar da tsani doka

A 1960 jihar Kalifoniya ta yi abin da ya sauya tarihin tiransifa. Yaran da aka haifa bayan yaƙi sun fara isa shekarun jami'a, gurabe ba za su isa ba. Clark Kerr, shugaban Jami'ar Kalifoniya, ya jagoranci tsara wani babban shiri wanda Gwamna Pat Brown ya sa wa dokarsa hannu. Aka raba makarantun gaba da sakandare hawa uku. Jami'ar Kalifoniya, mai rassa irin su Berkeley da UCLA, za ta ɗiba daga kashi 12.5 cikin 100 na sama a cikin masu gama sakandare. Kwalejojin jiha za su ɗiba daga kashi ɗaya bisa uku na sama. Kwalejojin shekara biyu kuwa ƙofarsu a buɗe take ga kowa.

Abin da ya sa talaka ya yarda da wannan rabo shi ne alkawarin da ke cikinsa. An umarci manyan jami'o'in su rage yawan 'yan aji ɗaya da aji biyu, su bar gurabe a aji uku domin masu tasowa daga ƙasa. Wanda bai yi abin kirki a sakandare ba yana da dama ta biyu. Har yau Jami'ar Kalifoniya tana da burin ɗaukar ɗan tiransifa ɗaya a kan kowane sabon ɗalibi biyu 'yan jihar. Berkeley da UCLA suna karɓar dubbai kowace shekara, mafi yawansu daga kwalejojin shekara biyu na jihar, waɗanda yawansu ya haura 110. Rassa 6 na jami'ar ma suna ba da tabbacin gurbi a rubuce ga wanda ya cika sharuɗɗa, amma Berkeley da UCLA da San Diego ba sa cikin masu ba da wannan tabbaci.

Wannan ita ce hanyar tiransifa mafi faɗi zuwa jami'a mai wuyar shiga a duk Amurka, kuma faɗinta ya samo asali ne daga doka da kuɗin harajin jiha.

Simon's Rock

A 1964 wata tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata, Elizabeth Blodgett Hall, ta kafa makaranta a gonar iyayenta a garin Great Barrington na jihar Massachusetts. Ta sa mata suna Simon's Rock, sunan wani dutse da ke cikin filin. Shekarun da ta yi tana shugabancin sakandare sun nuna mata cewa yara da yawa 'yan shekara 16 sun riga sun ƙoshi da abin da ake ba su, zaman jiran lokaci kawai suke yi. Makarantar ta buɗe a 1966 da 'yan mata zalla, daga baya aka haɗa da maza. A 1979 ta shiga ƙarƙashin Kwalejin Bard, wadda Leon Botstein ke shugabanta a lokacin.

Bambancinta da gwaje-gwajen baya shi ne, a nan ba a jefa ƙaramin yaro cikin manya. Kowa a harabar tsaransa ne, duk sun baro sakandare bayan aji 10 ko 11. Bayan shekara biyu sai su karɓi ƙaramin digiri. Wasu su zauna su ƙarasa a nan, kaso mai yawa kuma su yi tiransifa. A cikin tsofaffin ɗalibanta akwai 'yan uwan nan biyu masu shirya fim, Joel da Ethan Coen: Joel ya wuce Jami'ar Niyok, Ethan ya wuce Princeton.

Amma riƙe ƙaramar kwaleji mai zaman kanta a ƙauye ba wasa ba ne. A ƙarshen 2024 aka sanar cewa za a rufe harabar Great Barrington saboda raguwar ɗalibai, a mayar da makarantar kusa da Bard a jihar Niyok. Cikin dalilan da aka bayar har da yawaitar shirye-shiryen da ke ba yaro karatun kwaleji a garinsu, sau da yawa kyauta. Wato ra'ayin da ta yi wa hidima ya bazu har ya janye mata kasuwa.

Daga masu basira zuwa 'ya'yan talakawa

Waɗannan shirye-shiryen na kyauta suna da nasu asalin. A 1974 wata malama mai suna Janet Lieberman ta buɗe sakandare a cikin harabar Kwalejin LaGuardia da ke unguwar Queens a birnin Niyok. Yaran da ta nema su ne waɗanda ake fargabar za su watsar da karatu. Hujjarta ita ce, yaron da bai taɓa ganin ɗan gidansu a jami'a ba, idan ya wayi gari yana shiga ɗakin karatu ɗaya da 'yan kwaleji, zai fara ganin abin a matsayin nasa.

Jihohi suka biyo baya da dokoki. A 1985 Minnesota ta ba 'yan aji 11 da 12 damar ɗaukar kwasa-kwasan kwaleji da kuɗin gwamnati. A 1990 jihar Washinton ta kafa nata mai suna Running Start. A 2001 Bard da hukumar ilimi ta birnin Niyok suka buɗe sakandaren gwamnati inda yaro ke fita da takardar sakandare da ƙaramin digiri a rana ɗaya, ba tare da biyan kuɗin makaranta ba. A 2002 Gidauniyar Bill da Melinda Gates, tare da gidauniyoyin Carnegie, Ford da Kellogg, ta ƙaddamar da shirin da ya haifar da irin waɗannan makarantu sama da 200 a faɗin ƙasar, an kuma fi mayar da hankali kan 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda iyayensu ba su yi jami'a ba.

An gwada amfaninsu ta hanya mai kyau. Da yake masu nema sun fi gurabe yawa, wasu makarantun ƙuri'a suke jefawa. Sai masu bincike na cibiyar American Institutes for Research suka bi sawun waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa da waɗanda ba ta faɗa wa ba, tun da dai a farko duk ɗaya suke. Sakamakon da suka fara fitarwa a 2013 ya nuna cewa waɗanda suka shiga sun fi zuwa kwaleji, sun fi samun digiri, kuma sun fi samunsa da wuri. Mafi yawan ratar a ƙaramin digiri take. An gina waɗannan makarantu ne don yaro ya sami takarda cikin sauƙin kuɗi, kuma wannan aikin suna yin sa.

Ƙofar masu tankaɗe da rairaya

To ina Harvard da 'yan uwanta a cikin wannan labari? Amsar tana cikin lissafin gadaje. A irin waɗannan jami'o'i kusan kowane ɗalibi a harabar yake kwana, kuma kusan duk wanda ya shiga aji ɗaya yana dawowa aji biyu. Ɗan tiransifa gurbin wanda ya tafi yake cikewa. In ba wanda ya tafi, babu gurbi.

Princeton ta daina karɓar tiransifa gaba ɗaya a 1990. Sai a 2018 ta sake buɗewa, inda mutum 1,429 suka nema aka ɗauki 13, kuma ta bayyana cewa ta fi neman tsofaffin sojoji, 'yan kwalejin shekara biyu da 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. Harvard ta dakatar da nata a 2008 na tsawon shekara biyu saboda ƙarancin ɗakunan kwana. Ko da ta dawo, waɗanda take ɗauka a shekara ba su cika kai 20 ba, daga cikin masu nema sama da 1,500. A nan shiga ta tiransifa ta fi shiga aji ɗaya wuya.

Ba duka suka zama ɗaya ba. Cornell da Jami'ar Kudancin Kalifoniya suna ɗaukar ɗaruruwa kowace shekara. Columbia tana da wata makaranta ta musamman da aka tsara a 1947 domin sojojin da suka dawo daga yaƙi, wadda har yau take karɓar waɗanda karatunsu ya katse da masu zuwa daga wasu kwalejoji. Barack Obama ma ɗan tiransifa ne: ya yi shekara biyu a Kwalejin Occidental a Los Angeles, ya koma Columbia a 1981, ya gama a 1983. A 2006 Gidauniyar Jack Kent Cooke ta ba jami'o'i da kwalejoji 8 masu wuyar shiga tallafi, ciki har da Amherst, Cornell da Michigan, don su nemo zaƙaƙuran 'yan kwalejin shekara biyu. Buƙatar irin wannan tallafi ita kanta shaida ce cewa ƙofar ba ta buɗe da kanta ba.

Sai kuma asarar da ake yi a hanya. A 2017 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka canza makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kimanin kashi 43 cikin 100 na kiredit ɗinsu a jimlace. Kwas ɗin da aka biya kuɗinsa aka ci jarrabawarsa, sai sabuwar makaranta ta ce a sake. Sauri ya haifi nawa.

Wane ne sabon ɗalibi?

Akwai wata ƙa'ida da ta fi rikita iyaye. Yaron da ya tara kiredit na kwaleji alhali yana sakandare, ko da ya kai ga ƙaramin digiri, yawancin manyan jami'o'i a matsayin sabon ɗalibi suke karɓar takardarsa. Kwasa-kwasan da ya yi suna ƙara masa kwarjini a idon masu tantancewa, domin sun nuna zai iya. Amma idan an ɗauke shi, mai yiwuwa ne ya fara daga aji ɗaya. Harvard ba ta lissafa kwasa-kwasan kwalejin da sabon ɗalibi ya yi kafin ya shigo. Dartmouth ta yanke shawara cewa sakamakon AP ba zai ƙara rage wa ɗalibi yawan kwasa-kwasan digiri ba. Jami'o'in jiha kuwa sukan karɓi kiredit ɗin kwalejojin jiharsu, sau da yawa bisa yarjejeniya a rubuce.

Wanda kuma ya gama sakandare ya yi rajista a matsayin cikakken ɗalibin wata jami'a ko kwaleji, a ko'ina take a duniya, to da zarar ya wuce wani mizani da kowace jami'a ta gindaya, ya tashi daga layin sababbi ya koma layin tiransifa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yaron da ya kammala aji ɗaya a wata jami'ar Najeriya don kada ya zauna a gida, jami'o'in Amurka da yawa ba za su ƙara kallonsa a matsayin sabo ba. Layin da ya koma ya fi ƙunci, kuma a wurare da dama tallafin karatu ga baƙo ɗan tiransifa bai kai na sabon ɗalibi ba.

Haka nan shirye-shiryen kyauta na jihohi an yi su ne domin mazauna jihar. Baƙon da ya zo da bizar karatu, doka ba ta ba shi damar wuce wata 12 a sakandaren gwamnati ba, kuma sai ya biya cikakken kuɗin. A kwalejin shekara biyu kuɗin baƙi zai biya, kuma idan ya tsallaka jami'ar jiha kuɗin baƙi ne ke jiransa a can ma. Ga 'yan uwanmu da ke zaune a Amurka da iyalansu lissafin daban ne, domin 'ya'yansu suna cikin waɗanda aka yi dokokin dominsu.

Abin da za mu riƙe

Mu ma a gida mun san irin wannan tsani. Iyayenmu sun yi HSC. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana gudanar da IJMB tun 1976, JUPEB ta zo a 2014, kuma dukkansu suna kai yaro aji biyu na jami'a kai tsaye. Gardamar shekaru ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2024 Ministan Ilimi Tahir Mamman ya tsaya a kan shekara 18, magajinsa Tunji Alausa ya mayar da ita 16, JAMB kuma ta ce wanda bai kai 16 ba sai ya ci aƙalla 320 cikin 400 kafin a duba batunsa. Tambayar da Hutchins da Elizabeth Hall suka yi ta fama da ita ce dai: yaushe yaro ya isa?

Tarihin Amurka ya nuna cewa yaro mai basira yana iya ɗaukar karatun jami'a yana da shekara 16. An gwada a 1951, an gwada a Simon's Rock, an sake gwadawa a makarantun da Gates ta tallafa. Ya kuma nuna cewa inda aka fi dacewa shi ne inda aka tanadi masu kula da yaran, aka haɗa su da tsararrakinsu. Shiga da wuri abu ɗaya ne, shiga jami'a mai suna kuma wani abu ne daban, kuma na farkon ba ya lamunce na biyun.

Saboda haka kafin a sayar da fili ko a taɓa jarin kasuwa, akwai tambayoyin da ya kamata a aika wa jami'ar da ake hari, a kuma karɓi amsarsu a rubuce. 'Yan tiransifa nawa kuka ɗauka bara, daga cikin masu nema nawa? Da wannan takarda da yaro ke riƙe da ita, a wane layi za ku sa shi? Kiredit nawa za ku karɓa, kuma shekara nawa za ta rage masa? Akwai tallafin karatu ga ɗan tiransifa da ya zo daga wata ƙasa? Akwai yarjejeniya a rubuce tsakaninku da kwalejin da zai fara? Ofisoshin EducationUSA da ke Abuja da Legas suna ba da shawara a kan irin waɗannan batutuwa, kuma kowace jami'a tana wallafa ƙa'idojinta a shafinta na intanet. Duk dillalin da ya ce a biya shi kafin a ga waɗannan amsoshi, a yi hattara da shi. Matambayi ba ya ɓata.

A kuma tambayi yaron kansa. Shi ne zai zauna a ƙasar da ba ya da kowa yana da shekara 16 ko 17, cikin sanyi da kaɗaici. Zik ya kai shekara 20 kafin ya tafi, ya bi makarantu uku kafin ya karɓi digirin farko, kuma hakan bai rage shi da komai ba.

Masu 'ya'ya ko ƙanne da suka bi ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, muna roƙon su bayyana mana yadda ta kaya, domin na baya su amfana. Allah Ya ba yaranmu sa'a.